Ƙofar Jos Tana Bakin Binuwai

Kawuna ne ya ja ni wannan tafiya, kuma da gardama abin ya soma. Muna zaune a ƙofar gida a Gangare bayan la'asar, ana hirar duniya, sai wani maƙwabcinmu ya ce ƙofar Jos ita ce Mararrabar Jama'a, tunda duk wanda ya taso daga kudu ta nan zai shigo. Wani ya ce ina, hanyar Zariya ce ƙofa, ta nan kakanninmu suka zo. Kawu yana gefe a kan buzunsa yana jan carbi, bai tanka ba sai da kowa ya gaji da musu. Sannan ya ce, "Duk ku yara ne. Ƙofar Jos tana Makurɗi, kuma a kan ruwa take." Aka bushe da dariya, ana cewa tsufa ya fara taɓa Kawu. Shi ko ko murmushi bai yi ba. Ni ya kalla, ya ce, "Kai mai mota, ranar Asabar ka kai ni. Ina so in sake ganinta kafin idon nan ya ƙarasa tafiya."

Yayan mahaifiyata ne, shekarunsa sun haura tamanin. A 1963 ya shiga aikin reluwe yana saurayi. Da goge kan jirgi ya fara, daga nan ya zama fayaman, mai zuba kwal a wuta da shebur, har Allah ya kai shi ga riƙe jirgin da kansa. Mun tashi muna jin sunayen tashoshi a bakinsa kamar karatun allo: Bukur, Kuru, Manchok, Kagoro, Kafancan, Gudi, Lafiya, Makurɗi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na ƙetare Binuwai ya fi sau goma ta sabuwar gada, ban taɓa ko juya kai na dubi tsohuwar ba, wato gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi da Kawu yake nufi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Kawu, don haka ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ya sa na kai shi gidan tarihi, can kusa da gidan namun daji. Na ɗauka kawunan yumɓun Nok zai nuna mini, waɗanda masu haƙar kuza suka riƙa tonowa har Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya tattara, aka buɗe gidan a 1952. Ko kallon wajen bai yi ba. Kai tsaye ya wuce inda aka ajiye tsofaffin kawunan jirgi da taragai, ya tsaya gaban wani ɗan ƙarami wanda in ka gan shi sai ka rantse na wasan yara ne. Ya dafa shi kamar mai dafa kafaɗar aboki, ya ce, "Ga ɗan Zariya. Daga nan labarin gadar ya fara."

Abin da yake nufi shi ne wannan. Lokacin da Turawa suka gano yawan kuzar da ke ƙarƙashin ƙasar nan, a farkon shekarun 1900, babu hanyar fitar da ita sai kan mutum. 'Yan dako ne ke ɗaukarta, su sauka daga dutse, su yi kwana da kwanaki a ƙafa har Loko a bakin Binuwai, a zuba ta cikin jirgin ruwa ta gangara teku. Ka ga ke nan tun kafin a shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya, kuzar Jos ta san hanyar Binuwai. Da kamfanoni suka yi yawa, kan mutum ya kasa, sai aka ja wani siririn layin dogo daga Zariya, aka fara a 1911, ya iso Jos da Bukur a 1914. Sunan Bauchi aka laƙaba masa, alhali bai taɓa taka garin Bauchi ba. Lardin ake nufi, don a lokacin nan duk ƙarƙashin lardin Bauchi ake. Faɗin tsakanin ƙarafansa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6. Saboda wannan ƙafa ɗayan, duk buhun kuzar da ya isa Zariya sai an sauke shi an sake loda shi a wani tarago, sannan ya kama doguwar hanyar Ikko, ya ƙetare Kwara a Jebba. Wahala biyu, kuɗi biyu. A 1957 aka rufe ɗan Zariya, shekara shida kafin Kawu ya shiga aiki, amma ya hau shi yana yaro, kuma ya rantse mini cewa a wurin hawa mutum yakan iya sauka ya kama ruwa, ya sheƙo a guje ya cim masa. Ban ƙaryata shi ba, ban kuma gaskata ba.

Da muka fito muka bi ta Taminus. Yaranmu na yanzu sun ɗauka sunan kasuwa ne kawai, har ma wasu ba su ga babbar kasuwar a tsaye ba, tunda a 2002 ta ƙone. Kalmar kuwa ta reluwe ce, ma'anarta inda layi ya ƙare. Garin nan cike yake da irin waɗannan sunaye da muke furtawa ba mu saurara: Taminus, Dogon Ƙarfe, Gada Biyu, Farar Gada. Kawu ya ce, "To in nan ne ƙarshe, ina farkon? Ba ka taɓa tambaya ba?" Ban taɓa ba.

Da asuba muka kama hanya, ni da shi da ɗana na fari wanda uwarsa ta haɗa mu da shi don ya riƙa kama hannun kakansa. Sanyin Jos na watan Janairu kowa ya san shi, har da safar hannu Kawu ya sa. Muka wuce Bukur, kududdufan kuza na ta ƙyalli a gefen hanya, da tsibin jar ƙasa da ciyawa ta kasa rufewa har yau. Muka wuce duwatsun Riyom masu ɗaurin kai, muka gangara Hawan Kibo ina taka birki ina salati, don manyan motocin da suka kwanta a kwarin nan ba su ƙirguwa. Kafin mu kai Gwantu an cire hula mai kunne, a Akwanga aka cire rigar sanyi, a Lafiya kuwa gumi ne ke zuba. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, Makurɗi kuwa kimanin mita 100 kacal. Duk wannan tazarar a cikin safiya ɗaya muka sauke ta. Kawu ya ce mai gangarawa ba ya sanin tsawon dutse, sai wanda ya hau da shebur a hannu. Daga Kafancan zuwa Jos, in ji shi, fayaman ba ya miƙe ƙugu, zuba kwal yake har sai an ga fitilun Bukur.

A Lafiyar Barebari muka karya da waina da miyar taushe. Daga nan hanya tagwaye ce, ƙasa ta kwanta, aka shiga tsibin doya da lemo da buhunan gawayi a bakin titi. Ban da wannan ba ni da abin faɗi game da wannan yanki, don Kawu barci ya yi, yaron kuma yana kan waya.

Wajen ƙarfe sha biyu muka shiga unguwar arewacin kogi, wadda kowa ke kira Nos Banki. Hausawa sun daɗe a nan, ga masallatai, ga 'yan tireda, ga mahauta, in ka rufe ido ka saurari hayaniyar sai ka ɗauka kana titin Bauchi. Na nufi sabuwar gada bisa sabo, Kawu ya buga mini cinya ya ce, "Ba nan ba." Muka karkata, muka ajiye motar wurin wani mai faci, muka taka.

Gani ya kori ji. Abin da na fara lura da shi ba tsawonta ba ne, duhunta ne. Sabuwar gada fili ce, sama a buɗe, ka wuce ba ka san ka wuce ba. Wannan kuwa shiga cikinta ake yi, kamar zaure. Ƙarafa sun tashi dama da hagu, sun haɗu a sama, an gicciya su an sake gicciyawa, kowane uku sun yi kusurwa uku, kamar yadda ake tanke jinka. Rana na ratsowa ta tsakaninsu tana zana inuwa a ƙasa. Dogon yana nan shimfiɗe a cikin daɓen gadar, domin hanya ɗaya aka yi wa jirgi da mota. Idan jirgi zai wuce, sai a tsare motoci a baki biyu har ya fita. Yau 'yan acaɓa ne suka gaje ta, da masu tura baro, da mata masu tallan kifi a faranti. Tsawonta kimanin mita 800 ne, rabin mil a lissafin masu ginin. A mota ba komai ba ne. Da ƙafa, tare da tsoho mai tsayawa gaban kowace ƙusa, awa ɗaya da rabi muka yi.

A bakin shiga wani jami'in tsaro ya tare mu, don ya ga yaron yana ɗaukar hoto, mu kuma muna leƙa ƙarƙashi. Me muke nema? Daga ina? Na fara kame-kame, sai Kawu ya zura hannu a aljihun 'yar shara ya zaro tsohon katin aikinsa, wanda ya naɗe a leda tun ban san yaushe ba. Ya ce, "Ɗana, na bi ta kan gadar nan da jirgi tun ba a haifi babanka ba. Gaisuwa na zo yi mata." Mutumin ya dubi hoton saurayin da ke jikin katin, ya dubi tsohon, ya ce, "Baba, a yi haƙuri. A sauka lafiya." Har ya tsayar mana da 'yan acaɓa muka tsallaka ɗaya gefen.

To, me ya kawo gada nan? Kwal ne da kuza. A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da inda Inugu take yanzu. Saboda shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka ja layi daga can ya iso wurin kwal a 1916. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, bayan yaƙi aka ci gaba, layin ya iso bakin Binuwai a 1924, ya wuce arewa har ya haɗu da babban layi a Kaduna, aka kuma cire reshe daga Kafancan ya hau dutse ya shigo Jos a 1927. Lissafin Bature a fili yake: kwal ya hau zuwa injinan haƙar kuza da kawunan jiragen arewa, kuza ta sauka zuwa Fatakwal, wadda ta fi Ikko kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma babu sauke-lodin Zariya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Saura abu ɗaya: kogi ya raba layin biyu.

Shekara da shekaru fito aka riƙa yi da jirgin ƙasa. A kwance taragai, a tura su kaɗan-kaɗan cikin wani babban jirgin fito mai dogo a bayansa, a ƙetare da su, a jawo su a ɗaya gaɓar, a sake ƙulla su. Kuma Binuwai ba kogin da za a yi wa alkawari ba ne. Daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya taso, ya bi ta Garwa, da Yola, da Numan, da Ibi, tafiyar kilomita wajen 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Ranar da muka je rani ne, rabin kogin yashi ne fari fat, masu tifa na ɗiba, Jukunawa masunta na tura kwalekwale da gora a ɗan abin da ya rage. Kawu ya nuna mini wani baƙin zane a jikin ginshiƙi, can sama, inda ruwa ke kaiwa da damina. Na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 ko ta 2022 ya san abin da ake nufi. Ka yi tunanin masu fito da taragai, yau gaɓa tana nan, wata uku gaba ta koma can.

A 1928 aka fara ginin. Kamfanin Sir William Arrol na birnin Glasgow aka ba kwangilar, kuma ba ƙananan maƙera ba ne: su suka gina babbar gadar jirgin ƙasa ta Forth a Sukotilan, wadda aka buɗe a 1890, su kuma suka yi aikin ƙarfen gadar nan mai hasumiya biyu ta Landan da ake gani a hotuna. A can ƙasarsu aka yanka ƙarafan, aka huda su, aka yo jigilarsu ta teku, a nan aka harhaɗa. Babu walda a jikinta, ƙusa ce zalla. Kawu ya sa yaron ya shafa kawunan ƙusoshin, jere reras kamar an dasa gyaɗa. Ya ce kowace ɗaya sai da aka gasa ta a wuta ta yi ja wur, wani ya cafke ta da awartaki ya zura a rami, wani ya tokare ta baya, wani ya daddake gaban har ya yi kai. Idan ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan biyu matsewar da hannu ba zai iya ba. Yaron ya fara ƙirga na jikin ƙarfe ɗaya, ya kai ɗari da wani abu ya haƙura.

Sai ya kai mu inda wani sashe na gadar ya ƙare wani ya fara, ya sa muka leƙa ta ƙasa. Kowane sashe, in ji shi, kai ɗaya aka ɗaure, ɗaya kan an bar shi yana iya motsi a kan mazauninsa, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare. Da an ɗaure duka biyun, da zafin Makurɗi kaɗai ya isa ya tanƙwara ta. Na tsaya shiru, wata motar ɗaukar kaya ta wuce, na ji gadar ta amsa a tafin ƙafata, wani ɗan rawa mai laushi. Na kama ƙarfe. Kawu ya yi dariya ya ce ranar da ta daina wannan rawar, ranar ce abin tsoro.

Amma abin da ya fi zama mini a rai ba ya ganuwa, yana ƙarƙashin ruwa da yashi. Yashi ba ya riƙe ginshiƙi, sai an nutsa har an sami ƙasa mai ƙarfi. Na tambayi Kawu yadda ake haƙa rami a tsakiyar kogi. Ya ce, "Ka taɓa ganin mata na kiɗan ƙwarya? A kifa ta a kan ruwa, ko ka danna ta ƙasa cikinta a bushe yake, iskar da ke ciki ta hana ruwa shiga." Dabarar injiniyoyin wancan zamani ke nan. A ƙera wani ƙaton akwatin ƙarfe marar gindi, a kifa shi a ƙasan kogi, a riƙa hura masa iska da inji har ta kori ruwan. Mutane su shiga ta wata 'yar ƙofa mai murfi biyu, su sauka ciki, su yi ta haƙar yashi da laka ana fitarwa, a sama kuma ana ta zuba kankare, nauyi na danna akwatin yana nitsewa taƙi-taƙi. Idan ya zauna a inda ake so, a cike cikinsa da kankare, ya zama tushen ginshiƙi. Iskar da ke ciki a matse take, tana toshe kunne, ga zafi, ga duhu. Wanda kuma ya yi gaggawar fitowa, iskar da jininsa ya sha takan taso masa, gaɓoɓi su ɗaure, wani ya shanye, wani ya tafi ke nan.

Kawu bai ga wannan da idonsa ba. Wani tsoho mai gadin bakin gadar ne ya ba shi labari a shekarun farko na aikinsa, lokacin da sukan tsaya jiran hannu, wato alamar ba jirgi hanya. Mutumin ya ce shi ya shiga ƙwaryar. Kunnensa ɗaya ba ya ji, sai an zagayo ta dama ake masa magana. Kawu ya yi ta ƙoƙarin tuno sunansa a kan gadar nan, ya dafe goshi, ya kira sunaye biyu uku ya ce a'a, ba shi ba ne. Har muka bar garin bai tuno ba, kuma na ga abin ya dame shi fiye da ciwon gwiwarsa.

Ni ma ya dame ni, ta wata fuskar. Ranar 24 ga Mayu, 1932, Gwamna Sir Donald Cameron ya buɗe gadar. Ba a banza aka zaɓi ranar ba, ita ce ranar bikin daular Ingila, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. An kashe kusan fam miliyan ɗaya. Sunan gwamna yana nan a rubuce, sunan kamfani yana nan, har ranar da wata. Tibi da Jukunawa da Hausawa da Ibo da sauran waɗanda suka sauka cikin laka kuwa, sai dai a ce "leburori". Kuma mun san yadda aka riƙa samo leburorin aikin diga a ƙasar nan: a aika wa sarki adadi, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya shiga gida-gida. Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labari ba, kakanninmu sun ga ɗiban gwamna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya aka rasa kuzar can, aka riƙa kwaso mutane daga larduna ana zuba su a ramukan Filato cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Ina jin masu cewa Bature ya yi mana aiki mai ƙarko, kuma ƙarko kam ga shi ina tsaye a kai, shekara casa'in da ɗoriya. Sai dai ba don mu ziyarci juna ya gina ta ba. Ziyarar mu muka ƙara da kanmu, a taragon da aka jona a bayan na kaya.

Wani abin dariya kuma, ko na ce na takaici: kafin a gama gadar kasuwar duniya ta rushe a 1929, farashin kuza ya faɗi warwas, har a 1931 manyan ƙasashen da ke haƙarta, da Nijeriya a ciki, suka yi yarjejeniyar rage abin da suke fitarwa. Aka sallami leburori a Filato. Wato an gama gyara ƙofa daidai lokacin da kayan fitarwa suka ragu. Daga baya kasuwa ta farfaɗo, gadar ta ci kuɗinta har da riba: kuza da gyaɗa da auduga da fatu da shanu suna sauka, kwal da gishiri da siminti da kananzir da manja suna hawa. Mutane ma haka. Kawu ya ce in kana son sanin yadda aka yi Jos ta tara Ibo masu shaguna da makanikai da akawuna, to ta kan wannan ƙarfen akasarinsu suka bi. A nan na fara gane gardamar ƙofar gida.

Mun kai tsakiya, inda iska ta fi kaɗawa, sai ya tsaya ya jingina. Na ɗauka gajiya ce, na ce, "Kawu, ko mu nemo acaɓa?" Ya girgiza kai. Ya ce a watan Oktoban 1966 yana fayaman, aka ba su jirgi daga Jos zuwa nan, ba kuza a ciki, mutane ne, 'yan gabas masu gudun rikicin da ya ɓarke a arewa. A cikin taragai, da tsakanin taragai, da kan rufi. Mata da yara da ƙullin kaya, wasu da raunuka. Cikinsu har da telan da ke ɗinka masa kayan sallah. Ya ce ya saba in jirgi ya hau gada fasinja su yi ta sowa suna leƙen ruwa, ran nan kuwa ban da ƙarar ƙafafun jirgi a kan ƙarfe bai ji komai ba. Da za su koma, aka cika musu taragan da 'yan arewa da suka baro gabas, su ma shiru. Bai ƙara ko kalma a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Wanda ya zauna a Jos lokacin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san kamannin mutum mai ƙullin kaya a ka wanda bai san inda zai kwana ba. Yaron ne ya katse shirun, ya ce, "Kaka, telan ya dawo?" Ya ce, "Ya dawo bayan yaƙin basasa. Ta nan ya bi."

Muka ƙarasa gaɓar kudu, muka gangara Wadata, muka yi azahar da la'asar a haɗe a wani masallaci kusa da kasuwa. Wani dattijo mai sayar da busasshen kifi, Bakatsine ne asalinsa amma a nan aka haife shi, ya ji muna maganar gada ya matso da bencinsa. Ya ce su a nan in yaro ya yi ƙiriniya akan ce kansa ya fi ƙusar tsohuwar gada tauri. Ya ce tun da aka yi sabuwar, a ƙarshen shekarun 1970, manyan motoci suka koma can, wannan ta huta. Na tambaye shi yaushe rabon da ya ji kukan jirgi a kanta. Ya dubi Kawu, Kawu ya dube shi, suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Alhaji, ai sai dai mu tambaye ku, ku ne masu jirgin." Nan suka shiga hirar kawunan jirgi masu sunayen koguna, waɗanda aka kawo bayan yaƙin Hitila, da zuwan na dizal da ya kashe aikin fayaman, da layin Kuru zuwa Maiduguri da aka gama a 1964. Na ce musu ai ga sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna tun 2016. Kawu ya ce ya sani, amma faɗin ƙarafansa daban ne, ya fi nasu, ba zai iya taka wannan layin ba ko da an roƙe shi. "Ɗan Zariya da babban layi ke nan," in ji shi, "an sake."

Kifin ragon ruwa ya saya, manya guda uku, bayan cinikin da ya kusa cinye mana rana. A wurin 'yan uwan wani abokina muka kwana a Nos Banki, sauro da zafi suka hana ni runtsawa, shi ko Kawu minshari har asuba. Da safe ya ce mu bi ta tsohuwar gada da mota sau ɗaya, mu juyo. Muka jira layinmu, muka shiga. Ya sauke gilashi, ya rufe ido, yana buga yatsa a jikin ƙofa daidai kowace mahaɗa, leɓensa na motsi. Lissafin da yake yi ban sani ba, amma daidai inda ya ɗaga hannu ya ja igiyar usur ɗin jirgi da babu ita, nan gadar ta ƙare.

Magariba ta same mu a Hawan Kibo, mota na nishi a giya ta biyu, aka fara lalubo rigunan sanyi a kujerar baya. Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar kullum. Kawu ya aiki yaron ya ɗauko kifi ɗaya a cikin gida, ya miƙa wa maƙwabcin nan namu ya ce, "Ga tsarabar ƙofar gari." Mutumin ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya yi godiya. Sannan ya ce shi dai har yanzu yana kan bakansa, Mararrabar Jama'a ce.